Yadda na jona farantan solata da wayar birnin Hamburg

Ranar da muka tare a gidan da muke ciki yanzu, a unguwar Barmbek ta birnin Hamburg, mai kula da benen ya ce kafin a shigar da ko tabarma sai mun gangara ƙasa tukuna. Ya ɗauko makullansa, muka bi matakala zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sanyi da warin danshi suka tarbe mu. Ya buɗe wata ƙofar ƙarfe. Mitoci ne jere a bango, kowacce da lambar gidan da take ƙirga wa. Tamu baƙa ce, tsohuwa, irin mai faifai yana juyawa a ciki, da ɗan jan fenti a gefen faifan. Ya haska da tocila, ya karanto lambar mitar da adadin da ke fuskarta, ya rubuta, na rubuta, mu biyu muka sa hannu. Ya ce in adana takardar, domin daga wannan adadi lissafina zai fara.

Na tambaye shi ofishin da zan je a jona mini wuta. Ya ce ai wuta tana nan, in hau sama in kunna kawai. A dokar Jamus, da zarar sabon ɗan haya ya kunna ƙwai ɗaya, ya zama abokin cinikin kamfanin da ya fi kowa yawan gidaje a yankin, ko da bai sa hannu a komai ba. In yana son farashi mai sauƙi sai ya nemi wani kamfanin da kansa. Haka na yi a makon farko: na zauna a gaban kwamfuta, na kwatanta farashi, na zaɓi ɗaya, na tura musu lambar mita da adadin nan da muka rubuta. Suka yanka mini abin da zan riƙa biya duk wata bisa kiyasi, in shekara ta zagayo a karanta mita, wanda ya biya fiye da abin da ya sha a mayar masa, wanda ya gaza ya cika.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sunan da ke jikin mitar daban, sunan da ke kan takardar kuɗin wutar daban. A jikin mitar akwai ɗan tambari mai ɗauke da sunan Stromnetz Hamburg, kamfanin da ban taɓa yin ciniki da shi ba. Wani dattijo Bajamushe da ke zaune a hawa na ƙasa, wanda ya haura shekara talatin a benen, shi ya warware mini. Ya ce mai sayar da wuta daban, mai waya daban. Masu sayarwa suna da yawa, kana iya sauya su yadda kake sauya shagon cefane. Waya kuwa ɗaya ce tal, babu mai haƙa titi ya shimfiɗa ta biyu. Duk wanda ka saya a wurinsa, ta wannan wayar wutar za ta biyo, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da kake biya ladan wayar ne. Daga nan ya nuna ƙirjinsa da yatsa, ya ce wayar tasu ce, ta mutanen gari, kuma yana cikin waɗanda suka sa aka dawo da ita.

Labarin da ya ba ni a bakin akwatunan wasiƙa, na bi shi daga baya na tarar haka yake. Tun 1894 akwai kamfanin wutar Hamburg da ake kira HEW, kuma gwamnatin birnin ce ta daɗe tana riƙe da mafi yawan hannun jarinsa. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka shiga sayar da shi kashi-kashi, zuwa 2002 ya koma hannun Vattenfall, kamfanin ƙasar Suwidin. Bayan wasu shekaru ƙungiyoyin kare muhalli da na kare masu sayayya da wasu mutanen coci suka tashi da kiran a dawo da wayoyin wuta da bututun gas da na ɗumama gidaje hannun gari. Magajin garin lokacin, Olaf Scholz, wanda daga baya ya zama shugaban gwamnatin Jamus, bai goyi baya ba. Gwamnatinsa ta sayi kashi 25.1 cikin ɗari na wayoyin da bututun a 2012, ta ce wannan ya wadatar. Manyan jam'iyyu da 'yan kasuwa suka ce saye gaba ɗaya zai ɗora wa gari bashin wajen Yuro biliyan 2. Aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 22 ga Satumban 2013, rana ɗaya da babban zaɓen ƙasa, masu cewa a saya suka yi rinjaye da kashi 50.9 cikin ɗari. Da ƙyar aka sha. Amma gwamnatin da ta yi adawa da abin ita ce ta aiwatar da shi: wayar wuta ta dawo a 2014, bututun gas a 2018, na ɗumama gidaje a 2019.

Da na ji shekarar sai na yi shiru, domin a watan Nuwamban wannan 2013 ɗin ne gwamnatin Najeriya ta fara miƙa kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya da aka fitar daga PHCN, kamfanin wuta na gwamnati, ga 'yan kasuwa. Makonni shida ke tsakani. Su suna karɓowa, mu muna miƙawa.

Maganar sola kuwa uwargida ce ta fara tayar da ita, a farkon bazarar 2024, bayan lissafin shekara ya zo an ce mu cika. Wuta a ƙasar nan tana da tsada, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ta nuna mini barandar wani bene da ke kallon tamu, da faranti biyu baƙaƙe a rataye a jikin ƙarfenta, ta ce, "Baban yara, mu da muka fito daga ƙasar rana, a ce maƙwabta sun riga mu?" A watan Mayun shekarar aka sassauta doka. An yarda mai gida ko ɗan haya ya kafa ƙaramar sola, irin wadda ake soka filoginta a soket, in dai inbatarta, wato na'urar da ke mayar da wutar faranti irin ta gida, ba ta wuce wat 800 ba. Harajin saye ma an cire wa kayan sola tun farkon 2023.

Kafin in sayi komai na kira ƙanena a gida, wanda sana'arsa ke nan, haɗa wa mutane sola a gidaje da shaguna. Tambayarsa ta farko ita ce batir nawa zan saya. Na ce babu batir. Ya ce, "Yaya, sola babu batir? To in an ɗauke wuta fa?" Na ce a yadda na karanta, in an ɗauke wuta ita ma solar ɗaukewa take yi. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi dai a saninsa, wanda ya gaji da jiran wuta shi ke sayen sola, in bincika da kyau kada a sayar mini da rabin kaya. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da wannan fahimtar na taso. A layinmu an taɓa yin wata huɗu babu wuta bayan taransifoma ta ƙone, sai da aka bi gida-gida ana karo-karo, mahaifinmu yana cikin dattawan da suka riƙa zarya da kuɗin a jaka. Wanda ya ga haka, in ya samu hali, burinsa ya yanke hulɗa da waya ne baki ɗaya.

Matakin da ya fi cin lokaci shi ne izinin masu benen. Na rubuta musu wasiƙa, aka yi makonni ba amsa, na sake rubutawa. Da amsar ta zo, sharuɗɗa uku ne a ciki: kada a huda bango, a yi amfani da maɗaurin da aka ƙera don wannan aiki, kuma in nuna ina da inshorar da za ta biya in wani abu ya faɗo wa mutum. Jinkirin ya ɓata mini rai, amma sharuɗɗan kam gaskiya ne. Duk wanda ya ga irin iskar da ke tasowa daga wajen teku ta biyo kogin Elbe a lokacin kaka ya san faranti mai nauyin kilo ashirin a hawa na uku ba abin wasa ba ne. Daga baya, a watan Oktoban 2024, aka gyara dokar haya ta yadda masu gida ba za su iya hana ɗan haya ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Kayan sun iso a watan Yuli: faranti biyu, kowanne ya kusa tsawon ƙofa, da inbata ƙarama da ba ta fi littafi girma ba, da maɗaurai, da waya mai filogi. Ranar Asabar wani abokin aikina ya zo ya kama mini. Muka fara ɗaure kowane faranti da igiya a jikin ƙarfen baranda kafin mu tsallakar da shi waje, ɗaya yana riƙe, ɗaya yana ɗaure noti. Dattijon nan ya fito tsakar gida ya tsaya yana kore masu wucewa daga ƙarƙashinmu, ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Wajen azahar muka gama. Na soka filogi. Wata 'yar fitila a jikin inbatar ta yi ta ƙyaftawa ja na ɗan lokaci, sannan ta koma kore.

Na aro makulli na gangara ɗakin mitoci, don gani ya kori ji. Na tarar faifan mitarmu yana tafiya a hankali ƙwarai. Na buga wa uwargida waya na ce ta kashe komai ta bar firji kaɗai. Ina tsaye ina kallo jan fentin nan ya zo gaba, ya tsaya, ya yi kamar yana shawara, sai ya fara komawa baya. Gabana ya faɗi. A inda na fito, mitar da ke tafiya da baya alamar an taɓa ta ce, kuma abin kunya ne ga magidanci. Sai da na koma na sake karanta dokar na samu natsuwa: sabuwar dokar ta yarda tsohuwar mita ta yi ta komawa baya na wucin gadi, har ranar da masu waya za su zo su sauya ta. Sauyawar aikinsu ne, ba nawa ba.

A ranar kuma na gwada abin da ƙanena ya tsorata da shi. Rana tana tsaka, farantan suna aiki, na zare filogin daga soket. Kafin in ɗago kai fitilar ta koma ja. An ƙera inbatar ne ta riƙa sauraron wutar da ke cikin waya, volt 230 mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, irin dai ta gida Najeriya. Sai ta ji wannan bugun take bin sa ta zuba nata. In ta daina ji, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya take katsewa. Dalilin yana da nauyi. Idan ma'aikaci ya kashe layi a titi zai yi gyara, ya ɗauka waya ta mutu, sai ga wuta tana kwararowa daga barandar wani, rai ne zai salwanta. Na tsaya da filogin a hannu ina tunanin yadda abu ɗaya ya zama iri biyu. Solar ƙanena mafaka ce daga waya. Tawa kuwa jingine take da waya, ba ta da rai sai da ita. Kuma babu wanda zai yarda ya jingina haka sai ya amince wa abin da ya jingina da shi. Alƙaluman hukumar da ke sa ido kan wayoyin wuta ta Jamus sun nuna a 2023 abin da aka ɗauke wa kowane mai amfani da wuta, in aka raba daidai, minti 12.8 ne a shekara ɗungurungum.

Rajista ba ta ɗauke ni rabin awa ba. A da sai an sanar da masu waya daban, an sanar da hukuma daban. Yanzu wuri ɗaya ne, rajistar intanet ta waccan hukuma, Bundesnetzagentur, da ke birnin Bonn, kuma ana so a yi cikin wata ɗaya da fara aiki. Na sa adireshi, ranar da na kunna, ƙarfin farantan, ƙarfin inbatar, da lambar mita. Takardar nan da muka sa wa hannu ranar tarewa ita na ɗauko na kwafi lambar. Hukumar ce ke sanar da masu waya da kanta.

Wasiƙarsu ta zo da kaka, da sunan da ban sani ba a samanta: Hamburger Energienetze. Na kai wa dattijo. Ya ce su ne dai, a watan Satumba aka haɗe kamfanin wayar wuta da na bututun gas suka zama ɗaya, kuma har yanzu na gari ne ɗari bisa ɗari. Wasiƙar ta faɗi rana da tsakanin awannin da ma'aikaci zai zo, ta ce za a kashe wutar gidanmu na ɗan lokaci, ta ba da lambar da za a kira in ranar ba ta yi ba. Ranar ta faɗo a kan aikina na safe, na kira, aka matsar da ita zuwa mako na gaba.

Ma'aikacin ya zo shi kaɗai, da jakar kayan aiki da kwali ƙarami a hammata. Kafin ya taɓa komai ya nuna mini katin shaidarsa. Ya ɗauki hoton tsohuwar mitar, ya sa na karanta adadin da bakina, ya kwatanta lambar da ta takardarsa har sau biyu, saboda a jerin mitoci irin wannan kuskure ɗaya ya isa a kashe wa maƙwabci wuta. Ya yanke darmar hatimi, ya zare fis, ya gwada wayoyin da na'ura ya tabbatar babu wuta, sannan ya kwance. Sabuwar fara ce, mara faifai, sai ɗan gilashi mai nuna lambobi. Ya ɗaura, ya mayar da fis, ya buga sabon hatimi. Duka-duka bai fi minti ashirin ba.

Al'adar gida ta motsa mini, na ce ko zai hau sama ya sha shayi. Ya yi godiya ya ce akwai gidaje da ke jiransa. Amma ya tsaya ya koya mini karatun mitar. Lambobi biyu take nunawa bi da bi. In ta nuna 1.8.0, abin da muka sha daga waya ke nan, shi ake biya. In ta nuna 2.8.0, abin da ya fita daga gidanmu ya shiga waya ke nan. Na tambaye shi ina wannan rarar take zuwa. Ya nuna sauran mitocin da ke bangon da sukudireba, ya ce ba ta nisa, maƙwabcin da ya kunna tukunyar shayi a lokacin shi zai shanye ta.

Da muka fito ya nuna mini wani ɗan gini mara taga a kusurwar titi, wanda nake wucewa kullum ina ɗauka ma'ajiyar shara ce. Ashe taransifomar unguwarmu ce a ciki. Wuta tana shigowa birnin ne daga manyan layukan kamfanin 50Hertz masu volt 380,000, ta mahaɗa uku. Daga nan wayar gari ta karɓa a volt 110,000, tashoshi sama da hamsin su sauke ta zuwa 10,000, sannan dubban ƙananan ɗakuna irin wannan su sauke ta zuwa wadda ke shiga gidaje. Tsawon wayoyin ya kai wajen kilomita 30,000, mafi yawansu a binne, shi ya sa za ka yi ta yawo a unguwa ba ka ga falwaya ko ɗaya ba. Mutum kusan miliyan biyu, da tashar jiragen ruwa, da jiragen ƙasa na cikin gari, da motocin safa masu caji, duk a kan abin da ido ba ya gani.

Ba zan ce mallakar gari ce kaɗai ta sa wuta ba ta yankewa ba, domin akwai garuruwan Jamus da 'yan kasuwa ke riƙe da wayarsu kuma wutarsu tsaye take. Kuma dawo da wayar bai sa wuta ta yi araha ba, ladan waya hukuma ce ke ƙayyade shi ko a hannun wa take. Abin da na gani ya bambanta shi ne inda riba ke zuwa da kuma wanda ake tuhuma. Ribar tana shiga asusun gari. In an yi sakaci, 'yan majalisar birnin suna da hurumin tambaya, su kuma masu zaɓe suna jiransu. Dattijon nan in ya ga an haƙa titi ana sauya kebul, yakan tsaya ya leƙa ramin kamar mai duba gonarsa. Mu ma da muka yi karo-karon taransifoma, kuɗinmu ne a ciki, amma ko takarda ɗaya ba mu da ita da ke cewa muna da haƙƙi a kanta. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

Da sabuwar mita, rarar da ta fita kyauta take tafiya, ba a biyan komai a kanta a tsarin da na zaɓa. Don haka tsarin gidanmu ya sauya. Uwargida ta mayar da wanki da guga tsakanin hantsi da la'asar, yara sun san in rana ta fito a lokacin ake cajin komai. A watan Yuni rana takan kai kusan ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba. A Disamba kuwa ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, kuma sai a yi mako gizagizai ba su yaye ba, farantan ko firji ba sa iya riƙewa. A irin waɗannan ranaku wayar gari ce ke ɗauke da mu gaba ɗaya.

Ranar da aka sauya mitar, da daddare, na tura wa ƙanena hotonta tana nuna 2.8.0 da sifili a gaba. Bayan kwana uku aka yi rana mai kyau, na sake gangarawa, na tarar sifilin ya zama 1. Na tura masa wannan ma. Ya kira ni nan take, ina jin ƙarar janaretan maƙwabcinsa a bayansa, ya ce, "Yaya, wato wutar barandarka ce wani ya dafa shayi da ita?" Na ce haka ma'aikacin ya faɗa mini. Ya ce in ɗauko masa hoton bayan inbatar, inda aka rubuta bayananta, yana so ya ga yadda aka yi take jin bugun waya.